TARIHI: Brian Hodgson, Razdan ɗin da ya raɗa wa dabbobin Himalaya suna daga kwarin da aka hana shi fita

Duk shekara idan hunturu ya kankama, sanyi ya koro namun daji daga ƙololuwar tsaunukan Himalaya zuwa gangare, masu yawon buɗe ido kan yi tururuwa zuwa ƙauyuka irin su Rumbak da ke Ladakh da Kibber da ke kwarin Spiti, can a arewacin Indiya. Sukan wuni a takure bisa duwatsu, ido a manne da madubin hangen nesa, suna dakon damisar ƙanƙara ta gitta. Jagororinsu 'yan ƙasa sun san dabarar: kafin a nemi damisa, garken bharal ake fara nema, wata dabba mai launin toka-toka da ta ɗebo kamannin tunkiya ta ɗebo na akuya, domin ita ce babbar cimar damisar. In rana ta yi sanyi kuma, baƙin su gangara gidajen ibadar addinin Buddha da ke maƙale a jikin duwatsu, su saurari karatun masu zuhudu, su ɗauki hotuna, su koma masauki.

Wanda ya buɗe kundin sunayen dabbobi na masana kimiyya zai tarar da sunan mutum ɗaya da shekara a gefen sunan bharal: Hodgson, 1833. Zai sake cin karo da wannan suna a gefen yanyawar Tibet, da barewar Tibet, da takin, dabbar da ƙasar Bhutan ta ɗauka a matsayin tambarinta. Wanda kuma ya bi salsalar yadda Turai ta fara karanta littattafan addinin Buddha na harshen Sanskrit, a ƙofar mutumin nan zai tsaya. Sai dai Brian Houghton Hodgson bai taɓa sa ƙafa a Tibet ba. Kimanin shekara 20 ya yi a cikin kwari guda wanda hukumomin Nepal suka hana shi ƙetarewa, kuma akasarin dabbobin da ya bayyana wa duniya a hannun maharba da fatake ya fara ganinsu, wasu a ɗaure, mafi yawa fata da ƙashi.

Hanya uku

An haife shi a watan Fabrairun 1801 a gundumar Cheshire ta Ingila, a gidan da ya taɓa ganin daula. Mahaifinsa ya shiga harkar banki, bankin ya durƙushe, iyalin suka koma lallaɓa rayuwa. Wannan karayar arziki ta bi Hodgson har girmansa, domin shekaru da dama wani kaso na albashinsa gida yake tafiya, wajen rage wa uba bashi da tallafa wa ƙanne.

A 1816 ya samu gurbi a kwalejin Haileybury, inda Kamfanin East India, wato kamfanin 'yan kasuwar da ya rikiɗe ya zama gwamnatin Indiya, ke horar da ma'aikatansa. Ya ɗan zauna a gidan Thomas Malthus, masanin nan da ya shahara kan batun yawan jama'a da ƙarancin abinci, wanda ke koyarwa a kwalejin. Ya fita da lambar yabo a harshen Bengali, ya isa Kalkata a 1818. Bai jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Likita ya nuna masa hanya uku ce a gabansa: ya ajiye aiki ya koma gida, ko ya nemi a tura shi yankin tsaunuka mai sanyi, ko kuwa a haƙa masa kabari a Kalkata. Ya zaɓi tsaunuka. Aka tura shi Kumaon, yankin da Kamfanin bai daɗe da ƙwacewa daga hannun Nepal ba, inda ya koyi zagaya ƙauyuka da ƙididdigar gonaki da haraji. A 1820 aka kai shi Kathmandu mataimakin Razdan. Ya sake gwada zaman Kalkata bayan shekara biyu, jikinsa ya sake ƙi, sai ya dawo Kathmandu a 1824 ya karɓi ƙaramin muƙamin mai kula da gidan waya, don dai ya tsira da ransa. A 1833 ya zama cikakken Razdan.

Kalmar Razdan ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya, kuma a Indiya Turawan Birtaniya suka daɗe suna aiki da wannan muƙami kafin su kawo shi Afirka. Amma Razdan na Kathmandu bai samu ko ƙurar ikon da takwaransa na Kano ko Sakkwato ya samu daga baya ba. Nepal ta sha kashi a yaƙin 1814 zuwa 1816, ta rasa kusan sulusin ƙasarta a yarjejeniyar Sugauli, aka kuma tilasta mata karɓar wakilin Kamfani a babban birninta, amma mulkinta yana hannunta. Firaminista Bhimsen Thapa, wanda ya riƙe ragamar ƙasar kusan shekara 30, ya ɗauki wakilin a matsayin ɗan leƙen asiri, kuma bai yi kuskure ba. Aka ba Turawan fili a bayan gari, wurin da mutanen birni ke ƙyama saboda cuta da iskoki. Aka sa ido kan masu shiga da fita, aka kuma shata musu iyaka: kwarin Kathmandu, wanda mai ƙafa zai ratsa a yini guda, sai hanyar da ke sauka zuwa Indiya. Daga kan tudun da ke bakin kwarin, Hodgson kan hango fararen ƙololuwa sun jeru daga gabas har yamma. Iyakar rabonsa da su ke nan.

Da yake ba shi da halin zuwa inda ilimin yake, sai ya buɗe aljihunsa ilimin ya riƙa zuwa inda yake. Ya koyi harshen Nepali da na Newari, ya tara malamai da marubuta da masu zane da maharba, kuma daga albashinsa yake biyan mafi yawansu.

Malamin Patan

A wancan zamani addinin Buddha ya yi ƙarnoni da gushewa daga mafi yawan ƙasar Indiya inda ya tsiro. Masanan Turai sun san akwai littattafansa a harsunan Sin da Tibet da Pali, amma sun ɗauka waɗanda aka rubuta da Sanskrit sun salwanta. Ashe suna nan a kwarin Kathmandu, a hannun al'ummar Newar, waɗanda suka yi ta kwafe su daga kaka zuwa jika, a kan ganyen wani nau'in giginya da kuma takardar gargajiya.

Wanda ya buɗe wa Hodgson wannan taska shi ne Amritananda, dattijon malami daga birnin Patan, wanda ake ganin babu kamarsa a ilimin addinin a kwarin. Hodgson ya riƙa jera masa tambayoyi a rubuce: yadda duniya ta faro, asalin ɗan Adam, matsayin Buddha, makomar rai bayan mutuwa. Malamin yana amsawa, yana kafa hujja da littattafai. Da Baturen ya nemi ganin littattafan da idonsa, sai aka fara fito da su, aka sa marubuta suna kwafa. A 1828 maƙalunsa na farko kan addinin suka fito a Kalkata da Landan.

Sama da littattafai 400 na Sanskrit ya tara, ya rarraba su kyauta tsakanin Kalkata da Landan da Oxford da Paris. Ya kuma samo cikakken kundin nassosin addinin a harshen Tibet, mujalladi sama da 300. A Kalkata da Landan an yi godiya, an jera su a kanta, ƙura ta rufe su. A Paris ne suka samu mai karatu. A 1837 kashin farko ya isa hannun Eugène Burnouf, babban malamin Sanskrit na Faransa, wanda ya jingine aikin da yake yi kan tsofaffin nassosin Farisa ya duƙufa a kansu. A 1844 ya fitar da littafinsa na gabatarwa ga tarihin addinin Buddha na Indiya, wanda ya kafa hujja daga nassosin cewa Buddha mutum ne da ya rayu a Indiya, kuma a can ya kamata a nemi tushen koyarwarsa. Fassararsa ta Lotus Sutra ta fito a 1852, shekarar da ya mutu, kuma ga Hodgson ya sadaukar da ita. Masanin falsafa Schopenhauer da mawaƙi Wagner na cikin waɗanda suka karanta Burnouf. Sha'awar da Turawa ke yi wa wannan addini, wadda a yau ke cika masaukan baƙi a Ladakh da Bhutan, wani babban reshenta daga waɗannan ƙunshin takardu ya tsiro.

Sai dai nazarin da Hodgson ya yi da kansa bai yi ƙarko kamar kyautar da ya bayar ba. Ya sanar da duniya cewa addinin Buddha na Nepal ya kasu mazhaba huɗu, ya ba kowace suna, kuma littattafan Turai suka yi ta maimaita wannan rabo fiye da ƙarni guda. A 1989 masanin al'ummar Newar, David Gellner, ya nuna cewa mazhabobin nan ba su taɓa wanzuwa ba. Kalmomi ne na cikin nassi da Hodgson ya yi wa gurguwar fahimta, ya ɗora su kan irin rabe-raben falsafar da ya taso da su a Turai. Ya zo da tambayar da ta riga ta yanke siffar amsarta, malami kuwa, wanda a gidan mai tambayar yake karɓar albashi, ya tattaro masa baitocin da suka yi kama da abin da yake nema. Akwai ma wani abin da ya fi wannan. Da ake kwafar tsohuwar waƙar tarihin Buddha da ake kira Buddhacarita, aka tarar ƙarshenta ya ɓata, sai Amritananda ya tsara babobin da suka rage da kansa a 1830. Bai ɓoye ba, ya rubuta a ƙarshen littafin cewa ya nema bai samu ba. Wannan ya isa ya nuna zurfin malamin da littattafan Turai suka daɗe suna ambata a matsayin mai taimako kawai.

Fata, ƙashi da alƙalami

A ɓangaren dabbobi ma hanyar ɗaya ce. Hodgson ya tura maharba da masu ɗana tarko inda ba shi da izinin zuwa: dazuzzukan Terai masu zazzaɓi a kudu, da tsaunukan arewa har bakin iyakar Tibet. Fataken da ke safara tsakanin Kathmandu da Lhasa suna kawo masa ƙahoni da fatu da labarai. Farfajiyar gidan Razdan ta koma tamkar gidan namun daji. Duk abin da ya shigo sai ya auna shi, ya feɗe, ya ƙirga haƙora, ya duba abin da ke cikin tumbi, ya tambayi wanda ya kawo shi inda ya same shi da sunan da mutanen wurin ke kiransa.

Labarin chiru ya nuna yadda aikin ke tafiya. An daɗe ana raɗe-raɗi a Turai cewa a filayen Tibet akwai dabba mai ƙaho ɗaya tal a tsakiyar goshi. Hodgson ya bi diddigin zancen har ya samu dabbar da ake nufi, wata irin barewa mai dogayen ƙahoni biyu siraru, waɗanda in aka hango ta daga gefe sai su zama kamar ɗaya. Ya aika da samfurinta Kalkata, inda likita Clarke Abel ya sa mata sunansa a 1826. Har yau sunan Hodgson take ɗauke da shi a kimiyyance. Ita ce dabbar da a ƙarshen ƙarni na 20 mafarauta suka kusa ƙarar da ita saboda lallausan gashinta da ake saƙa mayafin shahtoosh mai tsada.

Fata takan ƙeƙashe, launin baki da ƙafar tsuntsu yakan dushe cikin 'yan kwanaki, don haka sai da zane. Nan ne Raj Man Singh ya shigo, ɗan zuriyar Chitrakar, waɗanda sana'arsu ta gado ita ce zanen hotunan ibada. Shi da abokan aikinsa suka koyi wani salo dabam da na kakanninsu: a zana tsuntsu yadda yake, a ware baki da ƙafa da fiffike a gefe, a ƙara da sheƙa da ƙwai in an samu. Dubban zane suka yi. A bayan takardun akwai bayanan rana da wuri da awo da abin da tsuntsun ya ci, wasu da Turanci, wasu da rubutun mutanen ƙasar. Masana tsuntsaye na wannan zamani na komawa ga waɗannan bayanai domin sanin abin da ke rayuwa a Nepal kafin a sare dazuzzukanta. Mafi yawan zanen ba su ɗauke da sa hannun kowa.

Alƙaluman sun isa abin jinjina. Maƙala 127 ya rubuta kan dabbobi. Abin da ya miƙa wa gidan tarihi na Birtaniya a 1843 da 1858 ya kai samfuri 10,499: tsuntsaye 9,512, dabbobi masu shayarwa 903, masu jan ciki 84. Sama da nau'in tsuntsaye 120 da na dabbobi masu shayarwa fiye da 30 ta hannunsa kimiyya ta fara saninsu. Charles Darwin ya kafa hujja da rubuce-rubucensa kan tumaki da awaki da karnukan Himalaya.

Babban burinsa shi ne ya ga an buga ƙaton littafi mai hotuna kan tsuntsaye da dabbobin Nepal. Shekara da shekaru yana neman abokin aiki a Birtaniya. Ya tuntuɓi John Gould, ya tuntuɓi William Swainson da William Jardine, kowane karo sai magana ta watse, ko kan kuɗi ko kan wanda sunansa zai hau bango. Littafin bai taɓa fitowa ba. Kafin nan masu kula da gidajen tarihi, ciki har da Edward Blyth na Kalkata wanda suka yi ta zaman doya da manja, sun bayyana wasu daga cikin tsuntsayensa da sunayen da suka ga dama. Hodgson ya yi ta ƙorafi kan masanan da ke zaune a ɗaki suna cin gajiyar wahalar wanda ke fili. Ƙorafin na da tushe. Amma in aka auna shi da wannan ma'auni, shi ma zaune yake a farfajiya, wasu na hawa duwatsu da kwana cikin sauro a madadinsa. An san sunan Blyth da na Gould. Maharban da suka kawo bharal da yanyawar Tibet kuwa, akasarinsu ba wanda ya damu ya rubuta sunayensu.

Ainihin aikin da aka turo shi

Duk wannan a gefe yake yin sa. Albashin da Kamfani ke biyansa na siyasa ne, kuma ilimin da yake tarawa bai rabu da ita ba. Ya rubuta rahotanni kan yawan sojojin Nepal, da dokokinta, da hanyoyin cinikinta da Tibet. A farkon shekarun 1830 ya ba da shawarar a riƙa ɗibar 'yan ƙabilun tsaunuka, waɗanda aka fi sani da Gurkha, cikin rundunar Kamfani da yawa, da hujjar cewa hakan zai ƙara wa Birtaniya mayaƙa, ya kuma rage wa Nepal sojojin da ke zaune ba yaƙi suna ƙaiƙayin takobi. Ba a saurare shi nan take ba, amma hanyar da aka bi ke nan daga baya.

Ya ƙosa da katangar da Bhimsen Thapa ya gina tsakaninsa da Sarki Rajendra, don haka bai yi baƙin ciki ba da tauraron Firaministan ya fara dushewa. A 1837 aka kama Bhimsen bisa zargin sa wa wani jaririn ɗan sarki guba. Aka sake shi, aka sake kama shi, kuma a 1839 ya mutu a kurkuku bayan ya yanki maƙogwaronsa. Waɗanda suka gaje shi, ɓangaren gidan Pande, sun fi shi ƙin Turawa nesa ba kusa ba. Lokacin kuwa sojojin Kamfani sun maƙale a yaƙin Afghanistan, kuma babban abin tsoro a Kalkata shi ne Nepal ta far wa Indiya ta baya. Hodgson ya tsunduma cikin siyasar fada tsamo-tsamo, har a 1840 ya matsa aka sauke majalisar ministoci aka naɗa waɗanda ke ɗasawa da Birtaniya. An kauce wa yaƙi. Amma wakilin ƙasar waje ya zama mai naɗa ministoci a ƙasar da ba a ci da yaƙi ba, kuma masana tarihin Nepal ba su manta masa wannan ba.

Sabon Gwamna-Janar, Lord Ellenborough, wanda ya iso a 1842, bai lamunci wannan salo ba. Ya aiko da wasiƙa zuwa ga Sarki wadda ke nesanta gwamnati da matakan Razdan. Hodgson ya ga cewa miƙa ta zai jefa rayukan ministocin da suka dogara da shi cikin haɗari, sai ya ƙi isar da ita yadda take. Ellenborough bai yafe ba. A ƙarshen 1843 aka maye gurbinsa da Henry Lawrence, aka yi masa tayin wani ɗan ƙaramin muƙami a Simla wanda kowa ya san cin fuska ne. Ya ajiye aiki yana ɗan shekara 43.

Ya bar wani abu a Kathmandu wanda tarihinsa na farko bai ambata ba. Ya yi shekaru yana zaune da wata Musulma mai suna Mehrunnisa, wadda ake dangantawa da Kashmirawan da suka daɗe suna kasuwanci a birnin, kuma sun haifi 'ya'ya biyu, Henry da Sarah. Saboda tsoron wulaƙancin da Turawan Indiya ke yi wa 'ya'yan da aka haifa tsakanin Bature da 'yar ƙasa, ya tura su Holan wurin 'yar'uwarsa Fanny. Dukansu sun mutu da ƙuruciya. Littafin tarihin rayuwarsa da William Hunter ya wallafa a 1896, wanda aka rubuta da taimakon matarsa ta ƙarshe, ya tsallake uwar da 'ya'yan baki ɗaya. Sai daga baya masu bincike suka tono su daga wasiƙu.

Darjeeling

Ingila ba ta karɓe shi ba, ko kuma shi bai karɓe ta ba. A 1845 ya dawo Indiya a matsayin mutum mai zaman kansa. Gwamnati ta hana shi komawa Nepal, sai ya zauna a Darjeeling, a wani gida da ke fuskantar Kangchenjunga, tsauni na uku mafi tsawo a duniya. Tun bayan wata rashin lafiya a 1837 ya daina cin nama da shan giya, kuma zamansa na kaɗaici ya sa Turawan garin ke kallonsa kamar mai zuhudu. A nan ya bayyana ƙaramin aladen daji na Terai a 1847 da takin a 1850.

A 1848 matashin masanin tsirrai Joseph Hooker, aminin Darwin, ya sauka a gidansa ya yi damina. Hodgson ya buɗe masa littattafansa da duk abin da ya sani game da tsarin tsaunukan, Hooker kuma ya saka masa da sanya sunansa a jikin wata bishiyar fure ta Sikkim. Baƙon ne ya hau har mashigin Donkia ya leƙa filayen Tibet a 1849. Mai masaukin yana gida yana jiran wasiƙa.

A shekarun nan hankalinsa ya fi karkata ga harsuna. Ya tattara kalmomin ƙabilu da dama na Himalaya da arewa maso gabashin Indiya, ya rubuta nahawun harsunan Bahing da Vayu, waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta su. Babban ra'ayin da ya gina a kai, cewa dukkan ƙabilun asali na Indiya tushensu ɗaya, ya rushe, amma jerin kalmomin na nan ana amfani da su. Tun a shekarun 1830, lokacin da Thomas Macaulay ya rinjayi gwamnati ta mayar da Turanci harshen ilimi a Indiya, Hodgson ya rubuta jerin wasiƙu a jarida yana jayayya cewa ilimi ba zai kai ga talaka ba sai da harshen da ya sha a nono, kuma a fara da horar da malamai da rubuta littattafai a waɗannan harsuna. A 1856, da shugaban safiyo Andrew Waugh ya nemi a sa wa tsauni mafi tsawo a duniya sunan tsohon maigidansa George Everest, Hodgson ya ƙalubalance shi cewa tsaunin na da sunan gida. Sunan da ya kawo, Devadhunga, bai tabbata ba. Amma a kan asalin maganar yana da gaskiya, domin mutanen Tibet na kiransa Chomolungma.

Kada wannan ya sa a ɗauke shi abokin gwagwarmayar 'yan ƙasa. A wannan shekara ta 1856 ya rubuta maƙala yana kira da a kwaso talakawan manoma daga Ireland da tsaunukan Scotland a zaunar da su a Himalaya, su zama garkuwar mulkin Birtaniya. Da boren 1857 ya ɓarke a Indiya, yana cikin waɗanda suka lallashi Gwamna-Janar Canning ya karɓi tayin sojoji daga Jung Bahadur Rana, wanda ya ƙwaci mulkin Nepal bayan kisan gillar fada na 1846. Sojojin nan sun taya Birtaniya sake kama Lucknow.

Ya auri Anne Scott a 1853, kuma rashin lafiyarta na cikin abin da ya sa ya bar Indiya a 1858. Bai sake ganin Himalaya ba. Shekara 36 ya ƙara a duniya, yawancinsu a ƙauyen Alderley da ke Gloucestershire, yana hawan doki, yana amsa wasiƙun masana, yana raba sauran takardunsa ga ɗakunan karatu. Anne ta mutu a 1868, ya auri Susan Townshend. Faransa ta karrama shi tun 1838, amma Jami'ar Oxford sai a 1889 ta ba shi digirin girmamawa, yana dab da shekara 90. Ya mutu a Landan ranar 23 ga Mayu, 1894, aka binne shi a Alderley.

Nepal ta ci gaba da rufe ƙofarta ga baƙi har wajen 1950. Wani ɗan tsuntsun kurmi da Hodgson ya bayyana a 1836, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai Nepal, masana ba su sake ganinsa ba sai a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Ba'amurke Dillon Ripley ya same shi. Ƙaramin aladen dajin nan ma an ɗauka ya ƙare, sai a 1971 aka sake ganinsa a Assam.

Bharal kuwa, shekara 140 bayan Hodgson ya sa mata suna, masanin dabbobi George Schaller da marubuci Peter Matthiessen suka tashi daga Pokhara a kakar 1973, suka yi sama da wata guda suna tafiya a ƙafa, 'yan Sherpa da 'yan dako na ɗauke da kayansu, har gidan ibada na Shey da ke Dolpo a arewa maso yammacin Nepal. Schaller na son ya kalli dabbar a raye lokacin barbara, ya gane ko tunkiya ce ko akuya, kuma ya ƙare da cewa ta fi kusa da akuya. Sun zaɓi Shey ne domin malamin addinin Buddha na wurin ya hana farauta a kewayensa, har garken ya saba da mutane, ana iya zama kusa da shi a kalle shi yana kiwo. Matthiessen ya koma gida bai ga damisar ƙanƙara ba. Schaller, wanda ya ɗan daɗe a baya, ya hangi guda ɗaya.